Sunan da Na Kira a Jikin Dutse

Akwai wata safiya a Kuala Lumpur da na san har in koma ga Allah ba za ta bar raina ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na hau matakalar nan mai tafiya da kanta a tashar jirgin ƙasa ta MRT, sai na tattare hijabina da hannu ɗaya, na damƙe gefen matakalar da ɗaya hannun.

Na zo ƙasar nan ina amarya, ban daɗe da gama sakandare ba. Maigidana yana karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, mu kuma muna zaune a Cheras, a wani dogon bene, can sama inda tsuntsaye ke wucewa daidai da tagarmu. Abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu shi ne, sunan maigidana ɗaya da na mahaifina. A gidanmu kuwa ba a kama sunan Baba. Ko wani yaro ne a unguwa mai sunan, sai dai mu ce Mai Sunan Baba. Ga shi kuma na tashi na ga Mama ba ta taɓa kiran mijinta da sunansa ba. Sai abin ya zame mini biyu. Malam nake ce masa. A wayata ma Malam na sa. Idan aka tambaye ni sunan mijina a asibiti, katinsa nake miƙawa su karanta da kansu. Ya sha yi mini dariya a kan haka, yana cewa wata rana zan ɓata a kasuwar Masjid India a rasa wanda za a yi wa cigiya.

Ban yi nisa da zuwa ba korona ta shigo, aka kulle gari. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, shi ne yake fita. Ni kuwa duniyata ta koma falo, kicin da taga. A cikin wannan kullen Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Ba korona ba ce, ciwonsa ne na da. Babu jirgi, babu hanya. A waya na ga an fito da makara daga zaurenmu, ƙanina yana riƙe da wayar, hoton yana yankewa yana dawowa. Abin da ya ba kowa mamaki, har da ni, ban yi kuka ba. Na yi salati, na yi addu'a, na amsa gaisuwar mutane, amma hawaye ya ƙi zuwa. Sai dai na daina cin abinci sosai, na daina hira. Kullum ina bakin taga ina kallon wasu tsaunuka can bayan gine-gine, shuɗi-shuɗi da safe, baƙi-baƙi idan hadari ya taso.

Muna da maƙwabciya 'yar ƙasar, ƙofarmu na kallon tata. Ta kusa haihuwata, amma Kak nake ce mata, wato yaya. Lokacin rasuwar, tunda ba a shiga gidan juna, sai ta riƙa rataya mana abinci a jikin mariƙin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Mace ce gajera mai ƙarfi, wadda kafin kulle duk ƙarshen mako tana kan wani dutse. Da aka sassauta doka aka buɗe wuraren motsa jiki, ita ce ta tare Malam a bakin lif ta ce masa matarka ta rame, ka fito da ita ta sha iska. Ta ce akwai wani dutse a gefen gari da kowa ke hawa, har da tsofaffi, daga samansa ana hango dam da duk garin. Da ya gaya mini na ce to. Ba don ina so ba, don dai na ga yadda yake kallona kwanakin nan.

Ana gobe za mu tafi Kak ta kawo mini takalman roba masu gurza-gurza a ƙasa, irin waɗanda masu hawa ke sawa, da wani ɗan ƙaramin hijabi da ya tsaya iya ƙirji. Takalman na karɓa. Hijabin kuwa na juya shi na sake juyawa, na ce na gode, na ajiye. Ni da ko shago ba na sauka sai da hijabi har idon sawu, kuma ga shi an ce abokin Malam zai bi mu. Da safe ta gan ni na fito da wando a ciki, doguwar riga a kai, sannan babban hijabina ruwan toka yana share ƙasa. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Adik, wannan ya yi tsawo lah,” ta ce da ɗan Turancin da muke haɗawa mu fahimci juna. Adik shi ne ƙanwa, lah kuwa ƙawar magana ce kawai irin tasu.

Na ce mata na saba, da shi nake komai. Ba ta ja maganar ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanya a motarta, kowa da takunkumi a fuska. Muka biya muka ɗauki abokin Malam, wani Bazazzagi da suke ɗakin bincike ɗaya, mutum mai surutu kamar rediyo. Tun kafin ya rufe ƙofar mota ya fara.

“Amarya, yau za a ga Kanawa. Ku da tudunku ɗaya a duniya, Dala, shi ma sai da aka yi muku matakala.”

Na ce, “Ni ko Dalar ma ban taɓa hawa ba.”

“Ka ji ko, Dakta? Mun ɗauko kaya.”

Dakta yake ce wa Malam, ko da yake a lokacin babu wanda ya gama a cikinsu.

Gaskiya farkon hawan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Hanya ce siririya a cikin daji, jijiyoyin bishiyoyi sun zama kamar matakala. Ƙasa na ƙanshin ruwan da aka yi da daddare. Ga kukan wasu ƙwari da ban san su ba, ga birai a sama suna leƙenmu kamar mu ne abin kallo. Ƙasar nan ba ta da rani da damina irin namu, kullum zafi ne mai laima, don haka kafin mu yi nisa riga ta manne mini a baya, takunkumi ya jiƙe. Amma bayan watannin da na yi ban taka ƙasa ba sai tayil, jin laka a ƙarƙashin ƙafata kawai ya ishe ni. Masu saukowa suna ja gefe su ba mu hanya, ana gaisawa da kai daga nesa. Wani tsoho ɗan Sin da sandarsa ya ɗaga mini babban yatsa. Har na ji na yi murmushi a bayan takunkumi.

Da muka fita daga cikin bishiyoyi sai dutsen ya canja. Ya zama farin dutse tsirara mai kaifi, kamar an fasa kwalabe an jera, hanya kuma ta koma bisa ƙashin bayansa, dama rami, hagu rami. Nan aka fara sa hannu. Kak tana gaba tana nuna mana inda za mu dafa, tana cewa a hankali, a hankali. Iska ta fara kaɗawa da ƙarfi, tana cika hijabina tana sakewa.

Sai muka iso wurin igiya. Wani bango ne na dutse, tsayinsa zai kai bene mai hawa ɗaya ko ya ɗan fi. An ɗaure igiya mai kauri a gindin wata bishiya a sama, an yi mata ƙulli-ƙulli, ta sauko har inda muke tsaye. Inda muke tsayen kuwa faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, bayansa sai sararin Allah da kawunan bishiyoyi can ƙasa. Kak ta ce dokar wurin mutum ɗaya ne a kan igiya, sai ya kai sama na biye ya kama. Ta ce ita za ta fara, sai ni, sai mazan a bayana, don sabon hawa a tsakiya ake sa shi.

Na ɗaga kai na dubi bangon, na dubi Bazazzagin nan da zai tsaya a ƙasa yana kallon sama ina tattale ƙafa a jikin dutse. Na ce a'a, su wuce, ni ce ta ƙarshe.

Malam ya matso ya rage murya. “Ki bi bayanta, ni zan tsaya a ƙasanki. Shi sai ya juya baya.”

“Don Allah ku hau kawai. Ina gani yadda kuke yi sai in fi ganewa.”

Ya san abin da nake nufi, kuma ya san ba zan faɗa ba. Kak ta yi ta magana, ni dai ina girgiza kai. Ga wasu mutane can baya sun tsaya nesa suna hutawa, ban so a tara mini jama'a. Haka suka hau ɗaya bayan ɗaya. Da Malam ya kai sama ya leƙo, abokinsa ma ya leƙo ta gefen kafaɗarsa yana cewa, “Bismillah, Bakanuwa, ga Dala ta zo har inda kike.” Na yi musu alama da hannu su matsa. Na ce kada su tsaya a kaina suna kallona, in dai suna kallo ba zan iya ba. Malam ya ja abokinsa suka zagaya bayan wani ƙaton dutse, inda Kak ta ce daga nan ake fara hango dam. Ba su yi nisa ba ko kaɗan. Daga baya da na ga wurin, bai fi daga ɗaki zuwa kicin ba.

Na yi bismillah na kama. Ƙullin farko, na biyu, ƙafa na samun wurin takawa, har na fara cewa a raina ashe abin ba wuya. Na kai wajen rabi. Na ɗaga ƙafar hagu na ɗora a wata 'yar tsaga, na taka da ƙarfi, na yunƙura zan miƙe. Sai na ji an fizgo wuyana ƙasa. Goshina ya bugi dutse. Ashe iska ta turo gaban hijabin cikin tsagar, na taka shi da duk nauyina. A wannan fizgar ƙafar dama ta zame daga inda take, ta koma tana lilo tana neman wuri ba ta samu.

Bari in gaya muku yadda nake, don har yau ina ganin abin kamar a hoto. Hannuwana biyu suna kan igiya. Ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da ni, ita ce kuma ta danne hijabin. Idan na ɗaga ta don in zare shi, babu abin da zai riƙe ni sai hannu. Idan na saki hannu ɗaya don in ja shi, ɗayan ba zai iya ba, don igiyar ta sha laka, tafina kuma ya jiƙe. Ba na iya miƙewa, ba na iya komawa. Kaina a sunkuye yake dole, hijabin ya ja shi, don haka abin da nake gani kawai shi ne takalmin roba, da 'yar tabarmar dutsen da muka tsaya a kai, da abin da ke bayanta.

Na ce, “Malam.”

Ni kaina da kyar na ji. Takunkumin ya jiƙe ya manne a bakina, duk numfashin da na ja sai ya shige ciki.

“Malam! Malam!”

Iska ta kwashe. Ina jiyo muryar Bazazzagin sama-sama yana ba da labari, ina jiyo dariyar Kak. Na kira Kak ɗin ma, amma a dutsen nan kowace mace Kak ce, ko ta ji ba za ta ɗauka da ita ake ba. Mutanen da na bari a baya ba su ƙaraso ba. Ƙafar hagun ta fara rawa, irin rawar keken ɗinki, ba ni da ikon tsayar da ita. Na ji hannuna na dama ya sauka daga kan ƙulli ya tsaya a kan santsin igiya.

Abin mamaki, a lokacin ban ji ihu a cikin kaina ba. Shiru na ji. Na yi kalmar shahada. Na tuna Mama tana takaba, na ce yanzu ita ma a waya za a nuna mata. Sai na goga fuskata a jikin dutse har takunkumin ya sauka ƙasan haɓata, na ja iska har cikina, na kira sunan.

Sunansa na yanka. Sunan Baba. Ban taɓa jin sa a bakina ba sai ran nan. Ya fita da wata murya da ban san ina da ita ba, ya bugi dutsen da ke tsallake ya dawo mini.

Sai na ji an ce, “Na'am!”

Ba “me ya faru” ba, ba “ina zuwa” ba. Na'am, da sauri, irin amsar yaron da babba ya kira daga cikin gida. Kafin in sake numfashi tsakuwa ta zubo mini a ka, ga shi ya kwanta rub da ciki a bakin bangon ya miƙo hannu. Bai kai ba, da saura sosai. Ya kama igiya zai sauko, Kak ta daka masa tsawa ta ce kada ya kuskura ya girgiza ta. Ita ce ta sauko ta gefe, ba igiya, tana bin wata tsaga da jijiyar bishiya kamar ƙadangaruwa, har ta zo daidai ƙuguna.

Shi kuwa yana ta magana daga sama, muryarsa a kwance kamar muna falo. “Ina nan. Kada ki dubi ƙasa, rufe idonki ma. Riƙe dai. Kin ga Kak ta iso. Ina nan, ban tafi ba.”

Kak ta kama ƙafata ta dama da hannunta, ta kai ta wani ɗan tudu da ban gani ba, ta danna ta a kai. “Taka nan. Boleh, boleh, za ki iya.” Da na taka, ta ce in ɗaga ta hagun kaɗan. Na ce ba zan iya ba. Ta ce kaɗan kawai. Na ɗaga, ta zare hijabin, ta tattara shi gaba ɗaya ta ƙulle mini a baya kamar mai shirin daka. Wuyana ya miƙe. Ban san yadda na hau sauran ba. Na dai san an kama wuyan hannuna, sannan gwiwar hannu, sannan na ji ni kwance a kan dutse mai ɗumi.

A nan kukan ya zo. Ba na tsoron faɗuwa ba ne kaɗai, na san bambancin. Tun ranar da na ga makarar nan a waya, abin da na kasa yarda da shi ke nan, cewa yanzu ko an kira sunan nan a zaurenmu babu mai amsawa. Sai ga shi na kira, a wata ƙasa, a jikin dutse, an kuma amsa. Na yi kuka har da shessheƙa, a gaban Kak, a gaban Bazazzagin da na yi ta ɓoye wa ƙafata, a gaban wasu 'yan mata da suka iso suka tsaya nesa, ɗaya ta ajiye mini ruwa a kan dutse ta koma. Malam bai ce in yi shiru ba. Ya zauna kawai ya dafa bayana.

Da na lafa, ya ce a hankali, “Wallahi ban ji kina cewa Malam ba. Ko sau ɗaya. Amma wannan, ji na yi kamar daga gida aka kira ni.”

Bazazzagin nan tunda na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ran nan. Ya daɗe yana kallon dam. Can ya share ido da gefen takunkuminsa ya ce, “Amarya, ashe dai kin san sunansa. Mu da muka ɗauka ba a gaya miki ba ranar ɗaurin aure.”

Dariya ta kama ni cikin hawaye, har na sarƙe.

Sai a lokacin na dubi abin da muka hau don mu gani. Ruwan dam a kwance, kore, hazo na tashi daga kansa kamar tururin tukunya. Ta ɗaya gefen ga garin gaba ɗaya, dogayen benaye sun zama kamar ashana a tsaye. Malam ya nuna mini wajen Cheras. Na yi ta neman tagar da na yi watanni a bakinta, ban gane ta ba. Kak ta buɗe jakarta ta fito da shinkafar kwakwa da ta ƙunso mana a ganyen ayaba, ta ce makan, ci. Na ci har na suɗe hannu, rabon da in ci abinci haka tun kafin rasuwar.

Ta wata hanya muka sauko, mai tsawo amma babu igiya, ni a tsakiya, hijabi a ƙulle a baya, ban kuma damu da wanda ke bayana ba. Kwana biyu ban iya riƙe cokali da kyau ba saboda tafin hannuna ya ɗaye. Na daɗe ina farkawa ina jin ƙafata na neman wurin takawa. Da na ba Mama labari a waya na ɗauka faɗa za ta yi a kan sunan. Sai ta ce, “Da kin tsaya kunya fa? Ai da shi kansa Babanku mai sunan bai yafe miki ba.”

Ban sake hawa dutsen ba, kuma ba na jin zan sake. Ƙaramin hijabin Kak yana nan a cikin kayana. Har gobe Malam nake ce masa, kun ga ko a nan ban rubuta sunan ba. Kunyar da aka rene ni da ita ban yar ba, ina son abata. Abin da na koya shi ne ta san wurin zamanta. Ita ta sa na ƙi ƙaramin hijabi, ita ta mayar da ni ƙarshen layi, ita ta kori masu kallona daga bakin dutse, kuma saura ƙiris ta rufe mini baki. Idan kana hannun mutanen da ke son ka, ka bari su tsaya kusa, idan kuma ka ji kana zamewa, ka kira da ƙarfi tun hannunka bai saki ba, da sunan da za a ji.

Mun yi alkawari ni da shi tun a mota ran nan. Na ce ba zai ƙara jin sunan nan a bakina ba, amma duk ranar da ya ji, ko me yake riƙe da shi ya yar ya taho. Ya ce ya ji. Wani lokaci idan ina kicin sai ya leƙo ya ce, “Ba a kira ni ba?” In ce masa ba a kira ba, Malam, lafiya lau nake.